Me ya sa 'yar aiki 'yar Filifin ta fi tsada a Saudiyya, kuma wa ke tsaya mata idan an zalunce ta?

Tambaya: Wata Hajiya ta rubuto tana cewa: "Duk sanda na je Umra, asibiti na shiga ko gidan Larabawa, sai na tarar da matan Filifin. An ce mini albashin 'yar aikinsu ya fi na matanmu na Afirka, kuma idan an cuce ta ofishin jakadancinsu yana tsaya mata. Mene ne sirrin? Da gaske ne su ba sa shan wahala?"

Amsa: Hajiya, rabin abin da aka gaya miki gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashin 'yar aikin gida 'yar Filifin a Saudiyya ya yi shekaru yana kan riyal 1,500 a wata, alhali da yawa daga cikin matan Gabashin Afirka suna karɓar riyal 1,000 ko ƙasa da haka a kan aiki iri ɗaya. Dalilin ba wani asiri ba ne. Gwamnatinsu ce ta rubuta farashi da sharuɗɗa, ta kuma hana mace hawa jirgi sai da takardar da ke nuna an cika su. Maganar ba sa shan wahala kuwa, wannan ba gaskiya ba ce. Suna sha ƙwarai, har da rasa rai. Da yawa daga cikin dokokin da ke kare su a yau, sai da wata mace ta mutu ko ta kai bakin mutuwa kafin a rubuta su.

Abin ya samo asali ne a 1974, lokacin da Shugaba Ferdinand Marcos ya sa hannu a kan dokar ƙwadago da ta mayar da tura ma'aikata ƙasashen waje aikin gwamnati. Man fetur ya yi tsada a 1973, ƙasashen Larabawa sun samu kuɗi suna gine-gine, Filifin kuma tana fama da rashin aikin yi da ƙarancin dala. Da fari maza ne suka fi tafiya, magina da direbobi da ma'aikatan jirgin ruwa. Da gine-gine suka lafa, aka koma neman masu reno da shara da jinya a Hong Kong da Singafo da ƙasashen Larabawa da Italiya, sai mata suka ɗauki ragamar. Ƙidayar hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta nuna cewa a 2023 ma'aikatan da ke waje sun kai miliyan 2.16, fiye da rabi mata ne, kuma Saudiyya ce ta fi kowace ƙasa ɗaukarsu. Kuɗin da 'yan Filifin mazauna waje suka aika gida a wannan shekara ya haura dala biliyan 37, kusan kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar. A 1988 Shugaba Corazon Aquino ta tsaya gaban 'yan aikin gida a Hong Kong ta kira su "bagong bayani", wato sababbin jarumai. Sunan ya bi su har yau, kuma ƙungiyoyin ma'aikatan da yawa suna cewa kirari bai isa ba, kariya suke so.

Kariyar ta fara ƙarfi ne daga 1995. A ranar 17 ga Maris na wannan shekara aka rataye Flor Contemplacion a Singafo, uwar 'ya'ya huɗu, bisa hukuncin kashe wata 'yar aiki 'yar ƙasarsu da ƙaramin yaron da take reno. Mutanen Filifin da yawa ba su yarda ta samu shari'ar adalci ba, sun kuma ga cewa gwamnatinsu ta yi sakaci da ita tsawon shekarun da take tsare. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka janye jakada, ministan harkokin waje da ministar ƙwadago suka bar kujerunsu. Cikin wata uku majalisa ta fitar da dokar ma'aikata 'yan ci-rani mai lamba 8042, wadda ita ce ginshiƙin tsarin har yanzu. A cikin shekarar ce kuma aka yanke wa Sarah Balabagan hukuncin kisa a Daular Larabawa. Yarinya ce Musulma daga Mindanao a kudancin Filifin, ba ta wuce shekara 15 ba, an ƙara mata shekaru a takarda don ta samu fita. Ta daɓa wa maigidanta wuƙa ya mutu, ta ce fyaɗe ya zo yi mata. Bayan roƙo da biyan diyya aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara ɗaya da bulala 100, ta koma gida a 1996. Labarinta ne ya sa batun shekarun 'yar aiki ya zama babbar magana a ƙasar.

A ƙarshen 2006 aka yi garambawul na musamman don 'yan aikin gida. An sa mafi ƙarancin albashi dala 400 a wata, an haramta wa kamfanin ɗaukar ma'aikata karɓar kuɗin samar da aiki daga hannun 'yar aikin gida, an wajabta horo da jarrabawa, an kuma tsayar da mafi ƙarancin shekaru 25, wanda aka sauke zuwa 23 a 2007, daga baya aka ɗaga zuwa 24. Riyal 1,500 da na ambata, dala 400 ɗin nan ce aka canja. Saudiyya ba ta karɓi wannan cikin sauƙi ba. A 2011 ta daina ba 'yan aikin gida na Filifin biza saboda taƙaddama a kan albashi da sharuɗɗa. Filifin ta ƙi sauka, aka yi ta ja-in-ja, har aka amince da kwantiragi na bai-ɗaya a 2012, aka sa hannu a kan yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu a 2013. Wannan tsayuwar ita ce ainihin amsar tambayarki ta farko: ƙasar ta yarda ta yi asarar kasuwa na ɗan lokaci don kada farashin 'yarta ya faɗi.

Yanzu bari in bi miki hanyar da mace ke bi idan za ta fita bisa ƙa'ida, don a nan ne amfanin yake.

Farko, kamfanin da zai ɗauke ta sai yana da lasisi daga ma'aikatar 'yan ci-rani da ake kira DMW. An kafa ta da doka a ƙarshen 2021, ta gaji hukumar POEA da ke wannan aiki tun 1982. Sunayen kamfanoni masu lasisi suna kan intanet, kowa na iya duba ko lasisin kamfani yana aiki, ko an dakatar da shi, ko an soke. Lasisi kaɗai bai wadatar ba. Sai kuma akwai takardar buƙatar ma'aikata da aka amince da ita, wadda ke nuna cewa aikin yana nan da gaske kuma ga adadin mutanen da ake nema. Yawancin zambar da ake yi wa mata a ƙauyuka, mai lasisi ba ya ciki. Dillali ne ke yawo da sunan kamfani, ya karɓi kuɗi ba rasidi.

Na biyu, kwantiragi. Ba a Manila ake fara duba shi ba. Ofishin ƙwadago na Filifin da ke ƙasar da za a je, a Riyad ko Jidda ko Hong Kong, shi ke tantance shi: wane ne maigidan, ina gidan yake, yana da ƙarfin biya, an taɓa kawo ƙararsa? Idan sunansa yana cikin waɗanda aka haramta wa ɗaukar 'yan Filifin, magana ta ƙare. Kwantiragin yakan zama na shekara biyu. A ciki akwai albashi, da hutun kwana ɗaya a mako, da awannin barci, da abinci da wurin kwana kyauta, da magani, da tikitin zuwa da na dawowa, da cewa fasfo yana hannun mai shi.

Na uku, gwajin lafiya a asibitin da aka amince da shi. Ƙasashen yankin Tekun Fasha suna da nasu jerin asibitocin, ana duba tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau da ciki. Tabon tsohon tarin fuka a hoton ƙirji yana iya rushe tafiya gaba ɗaya, ko da mace ta warke shekaru da suka wuce, kuma sau da yawa ta riga ta ci bashi ta zo Manila kafin ta sani.

Na huɗu, horo da jarrabawar hukumar koyar da sana'o'i ta TESDA. Ana gwada ta a aikace: gyaran gado, wanki da guga na yadi iri-iri, amfani da injin wanki da na shara, dafa abinci da jera tebur. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Macen da ta taso a ƙauyen da ake wanki a rafi, idan ta ƙona rigar uwargida da dutsen guga ko ta haɗa sinadaran wanke banɗaki biyu da bai kamata a haɗa ba, daga nan duka da yankan albashi ke farawa. Bayan haka akwai 'yan kwanaki na koyon harshe da al'ada a ƙarƙashin hukumar jin daɗin ma'aikata ta OWWA, Larabci ga mai zuwa ƙasar Larabawa, Kantonis ga mai zuwa Hong Kong, sai bitar kwana ɗaya kafin tashi, inda ake ba ta lambobin waya da adireshin ofishin jakadanci.

Na biyar, rajista da inshora. Kuɗin zama mamba a OWWA dala 25 ne, yana aiki shekara biyu. Dokar 2010 mai lamba 10022 ta wajabta wa kamfani ya saya mata inshora daga aljihunsa: dala 15,000 idan ta rasu ta hanyar haɗari, dala 10,000 idan rasuwa ce ta ajali, dala 7,500 idan ta nakasa gaba ɗaya, da kuɗin dawo da ita ko gawarta, da tikitin ɗan'uwa guda ya je duba ta idan ta kwanta asibiti kwana bakwai a jere.

Sai an gama duk wannan ake ba ta takardar fita da ake kira OEC, wadda ke aiki kwana 60. A filin jirgin Manila jami'in shige-da-fice zai nemi ganinta. Babu ita, babu hawa jirgi da bizar aiki.

Akwai wani sashe na dokar da nake ganin ya fi duk sauran nauyi, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Kamfanin da ya tura ta da maigidan da ke waje, doka ta ɗaure su wuri ɗaya a kan haƙƙinta. Ma'ana, idan Balarabe ya riƙe mata albashin wata takwas, ba sai ta koma Saudiyya neman shari'a ba. Tana dawowa gida za ta shigar da ƙarar kamfanin a hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta ƙasa, kamfanin ya biya, shi kuma ya je ya nemi nasa a wajen Balaraben. Tana da shekara uku ta shigar da ƙarar. Kamfani kuma ya ajiye kuɗin jingina a banki kafin a ba shi lasisi, daga ciki ake cirewa idan ya ƙi biya. Wannan ne ke sa kamfani ya ɗaga waya idan ta kira tana kuka, don ya san wahalarta za ta taɓa aljihunsa. Wanda kuma ya yi safarar ma'aikata ba lasisi ga mutum uku ko fiye, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne.

To ina abin yake lalacewa? A wurare da yawa, kuma ya kamata a faɗe su dalla-dalla.

Bashi ne na farko. Doka ta hana karɓar kuɗin samar da aiki, sai wasu kamfanoni suka sauya masa suna: kuɗin horo, kuɗin masauki, kuɗin gwaji. A tura ta wajen mai ba da rance da ke da alaƙa da kamfanin, ta sa hannu, sannan a riƙa cire kuɗin daga albashinta wata huɗu ko shida. A Hong Kong doka ta ce kamfani ba zai karɓi fiye da kashi 10 cikin ɗari na albashin wata na farko ba, amma an sha kama masu karɓar ninkin-ba-ninkin haka. Illar bashin ta wuce kuɗi. Macen da ake bi bashi ba ta iya barin gidan da ake dukanta, domin idan ta bar aiki masu bashi za su koma kan uwarta da mijinta a gida.

Na biyu shi ne musanya kwantiragi. Ta sa hannu a kan riyal 1,500 a Manila, ta sauka a ba ta wata takarda da Larabci a ce ta dangwala, ashe albashi ya ragu. Wani lokaci kuma takarda ta ce mai shara ce a kamfani ko mai aiki a shagon gyaran gashi, don a kauce wa tsauraran sharuɗɗan 'yan aikin gida, amma tana isa a kai ta gida. Ko a ɗauke ta don gida ɗaya, a riƙa zagawa da ita gidan uwar maigida da na ƙanwarsa. Maganin wannan shi ne ta bar kwafin kwantiragin da aka tantance a hannun danginta, ta ajiye hotonsa a waya, kuma kada ta sa hannu a kan takardar karɓar albashin da ba ta karɓa ba. Wannan sa hannun shi ke kashe ƙararraki masu yawa, domin maigida zai fito da takarda ya ce ga shaida ya biya.

Na uku, barauniyar hanya. Wadda shekarunta ba su kai ba, ko ta faɗi gwajin lafiya, ko aka rufe ƙasar da take son zuwa, sai dillali ya ce akwai mafita. Ko ta fita a matsayin 'yar yawon buɗe ido zuwa Dubai ko Bankok, ko ta bi jirgin ruwa daga Zamboanga da Tawi-Tawi ta tsallaka Sabah a Malesiya. Ta wannan hanya ce aka kai mata Siriya ana tsakiyar yaƙi, bayan an yi musu alkawarin aiki a Dubai. Ita ce kuma irin hanyar da ta jefa Mary Jane Veloso cikin bala'i: an yi mata alkawarin aikin gida a Malesiya, aka ba ta akwati ta kai Indonesiya a 2010, aka samu hodar heroyin kilo 2.6 a ciki. An yanke mata hukuncin kisa, aka dakatar da harbe ta a daren da za a zartar a Afrilun 2015, sai a Disambar 2024 aka mayar da ita Filifin. Wadda ta bi barauniyar hanya ba ta da kamfanin da za ta kai ƙara, ba ta da inshora, ofishin jakadanci ma bai san tana ƙasar ba.

Na huɗu, kuma mafi girma, ƙofar gidan da take aiki. Ikon gwamnatin Filifin yana da ƙarfi har zuwa filin jirgi, daga nan ya fara raguwa, a bakin ƙofar maigida kuma ya kusa ƙarewa. A ƙasashen Larabawa iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, tana rataye da kafili, wato maigidan da ya ɗauki nauyin bizarta. Idan ta gudu saboda duka, kafili zai kai rahoto cewa ta tsere, abin da ake kira hurub, nan take ta zama mai laifi a idon doka. Wasu kan ƙara da ƙazafin sata don ta janye neman albashinta. Ofishin jakadanci yana da gidan fakewa ga matan da suka gudo, amma ba shi da ikon shiga gidan mutum ya fito da ita, sai da 'yan sandan ƙasar, kuma ba zai iya ba ta bizar fita ba. Shi ya sa mace kan yi watanni a gidan fakewa tana jiran a warware takardunta. Garambawul ɗin ƙwadago da Saudiyya ta yi a 2021, wanda ya sauƙaƙa wa ma'aikata sauya wurin aiki, bai haɗa da 'yan aikin gida ba. Abin da ya ɗan taimaka shi ne tsarin intanet na gwamnatin Saudiyya mai suna Musaned, wanda aka fara tilasta biyan albashi ta cikinsa mataki-mataki daga 2024, domin kuɗin da ya bi ta banki yana barin sawu.

Kuwait ta nuna iyakar abin. A Fabrairun 2018 aka tsinci gawar Joanna Demafelis a cikin firiza a wani gida da masu shi suka bari fiye da shekara guda. Shugaban Filifin na lokacin, Duterte, ya hana tura ma'aikata, jami'an jakadanci suka shiga kuɓutar da mata daga gidaje, bidiyon ya fita, Kuwait ta kori jakadan. A watan Mayu aka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ce 'yar aiki za ta riƙe fasfonta da wayarta. Duk da haka aka kashe Jeanelyn Villavende a ƙarshen 2019, sannan a Janairun 2023 aka tsinci gawar Jullebee Ranara a ƙone a hamada, ɗan maigidanta mai shekara 17 ya kashe ta. A ganina rufe ƙasa makami ne mai kaifi biyu. Yana tilasta wa ɗaya ɓangaren zama kan tebur, kamar yadda aka gani da Saudiyya. Amma idan ya daɗe, talaucin da ke korar mata daga gida yana nan, sai su koma hannun dillalai. Riƙe waya a hannun 'yar aiki, da kamfani da ake tilasta wa ya riƙa tuntuɓarta a kai a kai, sun fi ceton rai.

Hong Kong wata duniya ce daban, kuma ya kamata a gan ta. Akwai 'yan aikin gida 'yan Filifin kusan 200,000 a can. Gwamnati ce ke yanka mafi ƙarancin albashi duk shekara, a 2024 dalar Hong Kong 4,990 ne a wata, kuma hutun mako haƙƙi ne da kotu ke karewa. Ran Lahadi, a unguwar Central, tsakiyar bankuna da manyan shaguna, ana rufe wasu tituna. Tun da safe mata ke shimfiɗa kwalaye a ƙasa, a kan gadojin masu tafiya da ƙafa da ƙarƙashin ginin bankin HSBC, wasu su tayar da kwalin ya zama ɗan bango. A ciki ana cin shinkafa da adobo, wani dafaffen nama irin na ƙasarsu, daga robobi, wata na yi wa wata yankan farce, wata ta jingina waya da jaka tana duba aikin makarantar ɗanta ta bidiyo, wata kuma barci kawai take, don daren jiya jaririn gida bai bar ta ta runtsa ba. A ginin World-Wide House layin masu aika kuɗi yakan sauko har matakala. Suna zama a titi ne domin doka tun 2003 ta wajabta musu kwana a gidan maigida, ba su da ɗakin kansu da za su karɓi baƙo, wasu ma a kicin ko ɗakin ajiya suke kwana. Akwai kuma dokar mako biyu: idan aiki ya ƙare kafin wa'adi, kwana 14 gare ta ta bar garin, abin da ke sa da yawa haƙura da cuta. A 2013 kotun ƙoli ta can ta yanke a shari'ar Evangeline Vallejos cewa 'yar aikin gida ba za ta samu izinin zama na dindindin ba, ko ta shekara nawa, alhali sauran baƙi suna samu bayan shekara bakwai. Daga cikin matan nan ne Xyza Cruz Bacani ta fito, ta yi shekaru tana aikin gida tana ɗaukar hoto ranar hutunta, har ta samu tallafin karatu na gidauniyar Magnum a 2015 ta zama mai ɗaukar hoto da duniya ta sani.

Ma'aikatan jinyar da kike gani a asibitocin Makka da Madina kuwa, tarihinsu ya girmi na 'yan aikin gida. Amurka ta mulki Filifin daga 1898 zuwa 1946, ta kafa makarantun jinya da Turanci a kan manhajarta. Da Amurka ta sauya dokar shige-da-fice a 1965, ƙofa ta buɗe, daga baya Saudiyya da Birtaniya da Jamus suka biyo. Karatun digiri ne na shekara huɗu da jarrabawar ƙasa, sannan kowace ƙasa da tata jarrabawar lasisi da tantance takardu. Lokacin korona, 'yan asalin Filifin kusan kashi 4 cikin ɗari ne na ma'aikatan jinya a Amurka, amma ƙungiyar ma'aikatan jinya ta can ta ƙirga cewa sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na waɗanda cutar ta kashe, saboda sun fi yawa a ɗakunan masu tsananin ciwo. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi wa mutum allurar rigakafin korona ta Pfizer ta farko a duniya bayan kammala gwaji, ran 8 ga Disamba 2020 a Coventry ta Ingila, May Parsons ce, 'yar Filifin. Kuɗin wannan nasara asibitocin gida ke biya, domin ƙwararru suna tafiya da zarar sun samu gogewar shekara biyu, albashin gida bai kai ya riƙe su ba.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a kwantiragi. Mace tana renon 'ya'yan wani a Riyad, nata suna hannun kaka ko ƙanwa a Iloilo ko Cotabato. Shekara biyu kan zama goma, domin an gama biyan bashi sai kuɗin makaranta, an gama wannan sai rufin gida, sai ciwon uwa. Duk wata tana sayen abu ɗaya ko biyu tana jefawa cikin babban kwalin da suke kira balikbayan: gwangwanin nama, man goge baki, sabulu, cakulan, takalmin da ta auna da zanen tafin ƙafar yaro da aka aiko mata. In ya cika ta naɗe shi da salatif, ya bi jirgin ruwa wata ɗaya ko biyu don ya isa kafin Kirsimeti ko Sallah. Dokar kwastan ta 2016 ta yafe haraji a kan kayan da ba su wuce peso 150,000 ba, har sau uku a shekara. Matsalar da masu ba da shawara suka fi gani ita ce ta aika duk albashin ba ta ajiye komai da sunanta, ta dawo bayan shekara 15 ta tarar ba gida ba jari. Idan aure ya lalace a bayanta kuma, ƙasar ba ta da dokar saki sai ga Musulmi, waɗanda dokar 1977 ta ba su nasu tsarin. Sauran sai doguwar shari'ar rushe aure mai tsada.

A cikin gida ma matan ƙasar ba baya suke ba. Sun samu 'yancin zaɓe a 1937, mata biyu sun shugabanci ƙasar, Corazon Aquino da Gloria Arroyo. Maria Ressa ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2021 a kan aikin jarida, a shekarar da Hidilyn Diaz, 'yar direban keke mai ƙafa uku daga Zamboanga, ta ɗago wa ƙasar zinarenta na farko a gasar Olamfik. Filifin ce ƙasa ta biyu da ta amince da yarjejeniyar ƙwadago ta duniya mai lamba 189 kan 'yan aikin gida, a 2012, ta kuma yi tata dokar a 2013 wadda ta ba 'yar aikin cikin gida kwantiragi a rubuce, hutun awa 8 a rana, kwana ɗaya a mako, da rajistar fansho da inshorar lafiya. Aiwatar da ita yana tafiyar hawainiya, amma ta ba ƙasar bakin magana idan ta nemi irin wannan daga wasu.

Hajiya, na san abin da ke bayan tambayarki, domin matanmu ma suna can suna aikatau, da yawa sun shiga da bizar Umra ko ta ziyara suka zauna, wasu kuma eja ne ya kai su. Matsayinsu daidai yake da na 'yar Filifin da ta bi barauniyar hanya. Idan wata 'yar'uwa ta zo miki da maganar tafiya, ki sa ta amsa waɗannan kafin ta ba kowa fasfonta. Bizar aiki ce ko ta ziyara? Wane kamfani ne, ina ofishinsa, kuma ma'aikatar ƙwadago ta san da shi? Ina kwantiragi da sunan kafili da adireshin gidan da adadin albashi, cikin harshen da aka karanta mata ta gane? Nawa za a cire daga albashinta, wata nawa? Wa zai biya tikitin dawowa idan aikin ya ƙi? Ta bar kwafin fasfo da biza da kwantiragin a gida, ta haddace lambar mutum ɗaya da ta ofishin jakadanci a ka, saboda waya ita ce abu na farko da ake ƙwacewa. Idan ejan ya ƙi ba da amsa ko ya ce sai an isa can za a ga takarda, a Nijeriya hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ce ke karɓar irin wannan rahoto.